Layin 1523 da ofisoshin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam: me suke iya yi wa wadda jami'i ya ci zarafinta a tsare?

Idan jami'i ya yi lalata da wadda ke tsare a hannunsa, a komisariya ne, wato ofishin 'yan sanda, a birgad ɗin jandarma ko a gidan yari, tambayar da ke fara zuwa bakin iyali ita ce wurin wa za a kai ƙara, tunda wanda ya yi ɓarnar shi ne ke riƙe da makulli. Ɗaya daga cikin ƙofofin da doka ta buɗe ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, wadda ake taƙaita sunanta da CDHC. Tana da layin waya na kyauta, 1523, tana kuma da ofisoshi a Garwa, Marwa da Ngaundare. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne: a kira, a kuma kai takarda ofishin, domin akwai abin da hukumar ke iya yi wanda ba wata ƙungiya da ke da ikonsa. Amma duk wanda ya kira layin ya koma gida ya zauna jiran sakamako, to ya yi asarar kwanaki uku mafi muhimmanci a shari'ar.

Doka mai lamba 2019/014 ta ranar 19 ga Yuli 2019 ce ta kafa hukumar, ta maye gurbin tsohuwar hukumar da aka kafa da dokar 2004. Mambobinta 15 ne, kuma Farfesa James Mouangue Kobila ne aka naɗa shugabanta a watan Fabrairun 2021. Aikinta ya kasu kwamiti uku, kuma wanda ya shafi maganarmu shi ne kwamitin hana azabtarwa a wuraren tsare mutane. Nan ne ƙarfin hukumar yake. A ƙarƙashin tsohuwar doka, ba a ziyartar gidan yari ko komisariya sai tare da mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato furokira, ko wakilinsa. Dokar 2019 ta ba hukumar damar kai ziyarar ba-zata, da ganawa da wanda ke tsare a keɓe. Duk wanda ya san yadda ɗakin tsarewa yake ya san darajar wannan keɓewa. Mace ba za ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata da daddare ba alhali gandiroba na tsaye a bakin ƙofa yana sauraro. Ikon ziyarar bai tsaya ga gidajen yari ba, ya haɗa da ɗakunan tsarewa na 'yan sanda da jandarma, da cibiyoyin gyaran tarbiyyar yara, da wuraren tsare mutane a kan iyaka. Sai dai dokar ta ce a sanar da furokira ziyarar da za a kai, kuma a ƙaramin gari labari ba ya wuyar tafiya.

Kafin a ɗauki waya, ya kamata a san sunan laifin a doka, domin yawancin ƙorafe-ƙorafe tun a nan suke lalacewa. Iyali, saboda kunya, sukan ce "an wulaƙanta ta" ko "an yi mata abin da bai dace ba", mai rubutu kuma ya rubuta hakan, sai takarda ta tafi ba tare da wani laifi takamaimai a cikinta ba. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, doka mai lamba 2016/007 ta 12 ga Yuli 2016, ya yi magana a fili. Sashe na 296 ya ce wanda ya tilasta wa wani saduwa da shi, da ƙarfin tsiya ko da matsin lamba, zai sha ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Sashe na 298 ya ninka hukuncin idan mai laifin yana da iko a kan wanda aka zalunta ko yana riƙe da shi, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko kuma wani ya taimaka masa. Jami'in da ke gadin ɗakin tsarewa ya faɗa cikin biyun farko a lokaci guda, saboda haka abin da ke gabansa shekara 10 zuwa 20 ne. Wannan ninkawa tana canza komai: laifin ya tashi daga matsakaici ya koma babban laifi, binciken alƙali ya zama dole, kuma wa'adin shigar da ƙara ya zama shekara 10 maimakon 3. Don haka lallai takardar ƙorafi ta ambaci sashe na 296 da na 298 tare.

Abin da bai kai ga saduwa ba shi ma yana da suna. Taɓe-taɓe, ko tuɓe mutum tsirara ba gaira ba dalili, yana shiga sashe na 295. Jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa yana matsa wa mace, yana ce mata idan ta yarda zai sake ta, ko zai bar abinci ya iso gare ta, ko zai hana a tura takardunta kotu, ya faɗa sashe na 302-1, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1 da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000, kuma hukuncin yana hawa shekara 1 zuwa 3 idan ƙaramar yarinya ce. Idan an yi abin ne don a sa ta amsa laifi, ko a tsoratar da ita, ko a hukunta ta saboda abin da ake zargin mijinta ko ɗan'uwanta, to sashe na 277-3 na azabtarwa ya shigo, kuma ba a karɓar uzurin cewa umarnin na gaba ne. Yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, sashe na 346 ya rufe bakin kowa: saduwa da ita ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ne ko da an ce ta yarda.

Ga babbar mace kuwa, nan ne dokarmu ke da giɓi, kuma giɓin ne ke cinye shari'o'i da yawa. A Amurka dokar tarayya ta mayar da saduwar ma'aikaci da wanda ke tsare a hannunsa laifi kai tsaye, ba a ma sauraron batun yarda, kuma tun 2003 suna da doka ta musamman kan fyaɗe a gidajen yari. Kundin Kamaru ba shi da sashe irin wannan. Wanda ake zargi zai tsaya ya ce "ita ce ta nema", sai a dawo kan wadda aka zalunta ta nuna an matsa mata. A ganinmu kalmar matsin lamba da ke sashe na 296 ta isa, domin wadda ba ta da ikon fita, ba ta da ikon shan ruwa sai an ba ta, yardarta ba yarda ba ce. Amma alƙali yana son a nuna masa hakan da hujja. Shi ya sa ƙananan bayanai suke da nauyi: me ya yi mata alkawari, da me ya tsoratar da ita, ƙarfe nawa aka buɗe ƙofa, wa ya buɗe, ina aka kai ta, wa ya gan ta tana dawowa. Wannan gyara na doka yana cikin abin da ya kamata hukumar ta dage a kai, tunda ba wa gwamnati shawara kan dokoki yana cikin aikinta.

Yanzu ga batun lokaci, wanda layin waya ba ya iya tsayarwa. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma ana shan sa kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana iya kaiwa awa 120, amma ƙarfinsa yana raguwa kowace rana. Akwai allurar ciwon hanta nau'in B da magungunan cututtukan saduwa, su ma da wuri ake so. Alamun rauni kuma suna ɓacewa. Idan an riga an sake ta, asibiti ne zangon farko, kuma a faɗa wa likita a fili cewa ana son takardar shaidar likita ta kai wa kotu, wadda ake kira certificat médico-légal, domin katin asibiti na yau da kullum ba ya tsayawa a madadinta. A duba cewa likita ya rubuta rana da lokaci, ya siffanta kowane rauni da wurin da yake, ya kuma rubuta adadin kwanakin da ba za ta iya aiki ba, domin a sashe na azabtarwa kwana 30 ne ke raba hukuncin shekara 2 zuwa 5 da na shekara 5 zuwa 10. Rashin rauni ba ya nufin ba a yi ba, wadda aka tsoratar ba ta kokawa. Zane da ɗan kamfai da ta sa a daren, kada a wanke, a shanya su a inuwa su bushe, a nannaɗe kowanne daban a takarda mai tsabta ko ambulan. Leda tana riƙe danshi, kaya su yi fumfuna, shaida ta lalace. Mun san wanka shi ne abin da zuciya ke fara nema, kuma idan ta riga ta yi ba laifi, a je asibitin duk da haka.

Idan har yanzu tana tsare a komisariya ko birgad, makamin iyali shi ne sashe na 123 na kundin tsarin shari'ar laifuka, doka mai lamba 2005/007. Ita kanta, ko lauyanta, ko wani daga danginta, yana iya neman furokira ya sa likita ya duba ta, kuma doka ta ce a yi hakan cikin awa 24 da neman. A ƙarshen tsarewa ma dole ne a bar likitan da ta zaɓa ya duba ta idan an nema, sai dai kuɗin daga aljihunta. Mutane kaɗan ne suka san wannan sashe, alhali ya fi kowane kiran waya sauri. Sashe na 122 ya ba dangi da lauya damar ziyara, sashe na 137 kuma ya ba furokira ikon shiga wurin tsarewa a kowane lokaci. A aikace, mai kai abinci ne idon iyali. Uwa ko yaya da ke miƙa kwano ta tagar ƙarfe tana da ɗan lokaci kaɗan, amma ya isa ta lura ko an canza mata zane, ko tafiyarta ta canza, ko ta ƙi ɗaga ido, ta kuma tambaye ta a hankali da harshen gida. A riƙa tura mace ɗaya da ta yarda da ita, kada a riƙa canzawa kullum. A kuma riƙa lissafin kwanaki: tsarewa ta yau da kullum awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin furokira. A jihar Arewa Mai Nisa kuwa, wanda aka kama da dokar ta'addanci ta Disambar 2014 ana iya riƙe shi kwana 15, a kuma sabunta. Irin wannan doguwar tsarewa ce ta fi haɗari, kuma a nan ne ikon ziyarar hukumar ya fi amfani.

To, sai kiran 1523. Abin yabo shi ne ba a cire kuɗi, kuma ba sai wadda abin ya shafa ce za ta kira ba. Dangi, maƙwabci ko ƙungiya na iya kai ƙorafi, da baki ko a rubuce, hukumar ma tana iya ɗaukar magana da kanta. Harsunan aiki Faransanci da Turanci ne, saboda haka wanda Hausa ko Fillanci kaɗai yake ji ya sa amintaccen mutum a kusa, wanda ba zai yaɗa maganar a unguwa ba. Kafin a kira a rubuta a takarda: cikakken sunanta, ranar kamu, wurin da take, sunan jami'in ko laƙabinsa da muƙaminsa, idan ba a sani ba a siffanta shi a faɗi daren da yake kan aiki, sannan sunayen matan da ke ɗakin tare da ita. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali a komisariya mutanen ɗaki suna watsewa cikin kwana biyu, kowa ya kama gabansa. A faɗi abin da ake nema a sarari: ziyarar gaggawa, ganawa a keɓe da mace, likita, da raba ta da wanda ake zargi. A ƙarshe a tambayi sunan wanda ya karɓi kiran.

Kira shi kaɗai ba ya barin sawu a hannun mai ƙara. Washegari a kai takarda ofishin hukumar na jiha, kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi gida. Ainihin takardar likita kada ta fita daga hannun iyali sai gaban alƙali, kwafi ake bayarwa.

Babban abin da masu ƙorafi ke kuskuren fahimta shi ne hukumar ba kotu ba ce. Ba ta kama mutum, ba ta yanke hukunci, ba ta korar ma'aikaci. Tana bincike, tana kiran ɓangarori, tana rubuta wa hukumomin da abin ya shafa da ministan shari'a, tana ba da shawara. Ƙarar laifi hanyarta daban, kuma ya danganta da rigar da jami'in ke sanye da ita. Gandiroba ma'aikacin ma'aikatar shari'a ne tun 2004, shi da ɗan sanda kotun farar hula ke yi musu shari'a, don haka takarda wurin furokira za ta. Jandarma soja ne, laifin da ya yi a bariki ko a bakin aiki kotun soja ke ɗauka bisa dokar shari'ar soja ta 2017, mai gabatar da ƙara a can shi ake kira commissaire du gouvernement. Wanda ya kai takardar jandarma wurin da ba nata ba zai ɓata makonni ana tura ta. Kai ƙara a birgad ɗin da abin ya faru kuwa, ba wa kura ajiyar nama ne. Idan furokira ya yi shiru a shari'ar farar hula, sashe na 157 ya ba wadda aka zalunta damar zuwa kai tsaye wurin alƙali mai bincike a matsayin mai neman diyya, sai dai za a sa mata kuɗin ajiya. Marar hali yana iya neman taimakon shari'a a ƙarƙashin dokar 14 ga Afrilu 2009, a kwamitin da ke kotun, da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari. Akwai layin 1500 na 'yan sanda da 1501 na jandarma don kai ƙarar jami'ansu. Suna da amfani wajen ladabtarwa ta cikin gida, amma canza wa mutum wurin aiki ba shi ne hukuncin sashe na 298 ba, kuma matan sabon wurin da aka kai shi ba su san komai ba.

Raunin hidimar mafi girma a bayyane yake: wadda ta fi bukatar layin ba ta da waya. Ana karɓe waya tun a kantar shiga, a gidan yari kuma riƙe ta laifi ne. Kenan layin na mutanen waje ne, wadda ba ta da mai ziyara, kamar baƙuwa daga Chadi ko Najeriya ko wadda dangi suka juya wa baya, sai dai ziyarar hukumar ta same ta. Ga kuma nisa. Ofishin Marwa ne ke ɗauke da duk Arewa Mai Nisa, daga Yagwa har Kuseri da ke nesa da fiye da kilomita 200, kan hanyar da damina da rashin tsaro suke wahalarwa. Awa 72 tana iya cika kafin mota ta isa. Kamaru ta sa hannu a 2009 kan ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, wadda ke kawo masu sa ido daga waje, amma ba ta kammala shiga ba, don haka nauyin ya rataya a wuyan hukumar cikin gida.

Abin da ya fi damun mu shi ne daren da ke biyo bayan ziyara. Baƙi sun tafi, ita tana nan, abokan aikin wanda ta ambata suna nan. Ƙa'idojin Bangkok na 2010, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara kan kula da mata fursunoni, sun ce a ba wa mai ƙorafi kariya nan take, tare da lura da haɗarin ramuwar gayya. Ƙa'ida ta 81 a ƙa'idojin Mandela na 2015, su ma na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, ta ce makullan sashen mata su kasance a hannun ma'aikaciya mace, kuma namiji kada ya shiga sai tare da mace. Dokar gidajen yari ta Kamaru ta 1992 ma ta ce a raba mata da maza. A manyan gidajen yarin Garwa, Marwa da Ngaundare akwai sashen mata, amma ƙaramin birgad na ƙauye, inda babu jandarma mace a aikin dare, ba ya iya cika wannan ko da an so. Saboda haka duk takardar ƙorafi ta ƙunshi roƙo a rubuce cewa a ɗauke jami'in daga kusa da ita, kuma hukumar ta dawo ziyara ta biyu. Iyali su ƙara yawan zuwa a makon, domin wadda ake gani kullum ba a saurin taɓa ta.

Maza da yara maza ma ana yi musu, kuma sun fi yin shiru. Sashe na 296 na yanzu ya ce kowane mutum, bai ce mace kaɗai ba. Abin da ke rufe musu baki shi ne tsoron kada a juya maganar ta koma sashe na 347-1, mai hukunta saduwar jinsi ɗaya, a kansu. Wanda aka tilasta ba mai laifi ba ne, amma a wannan hali kada a buɗe magana sai da lauya a gefe.

Sai kuma sulhu. Cikin kwana biyu za a ga manzo, wani lokaci ta hannun jauro ko wani dattijon unguwa, da ambulan da maganar rufin asiri, har da alkawarin a saki yarinyar a kashe tuhumar da ake yi mata. Hukumar tana da ikon sasanta mutane a wasu ƙorafe-ƙorafe, amma fyaɗe ba bashi ba ne, kuma ya kamata mai ƙara ya faɗa tun farko cewa ba sulhu ya zo nema ba. Janye ƙorafi ba ya hana furokira ci gaba, sai dai takardar janyewa da aka sa wa hannu tana zama makami ga lauyan wanda ake zargi. Maganar aure ma ta ƙare tun 2016, sashe na 297 ya ce auren da aka ɗaura bayan laifin ba ya tsayar da ƙara. Idan ciki ya bayyana, a yi hoton ciki da wuri a adana takardar, domin ga matar da ta daɗe a tsare, lissafin makonni shaida ce da ba a iya musu. Hukumar ba ta ba da masauki ko jinyar zuciya. A Marwa, ƙungiyar ALVF da ke yaƙi da cin zarafin mata, wadda Aissa Doumara Ngatansou ke cikin waɗanda suka kafa reshenta a 1996, ta daɗe tana wannan aiki, akwai kuma ofisoshin ma'aikatar mata da iyali a manyan garuruwa. A haɗa su cikin maganar tun makon farko, domin shari'ar babban laifi tana ɗaukar watanni, kuma ana bukatar wanda zai riƙa raka ta kowane zaman kotu.